Ido Ya Ƙoshi, Ciki Fa? Batun Kek Mai Siffa a Ƙasar Wasagu

Duk mai duba hotunan da mutane ke ɗorawa a WhatsApp ranakun Asabar da Lahadi ya san cewa kek ya wuce matsayin dunƙulen fulawa da ake yankawa a raba. Yanzu siffa ake ba shi. Yaron da ya sauke Alƙur'ani a yi masa mai kamar allo, har da tawada da alƙalami a gefe. Wadda ta gama makarantar jinya a yi mata mai farar riga da sirinji. Mahajjaci a tarye shi da mai siffar jirgin sama, amarya a kai mata mai kama da akwatin lefe, ɗan shekara biyar kuma ya tashi da ƙwallo ko mota. Abin ya fara ne daga manyan birane, Legas da Abuja da Kano da Kaduna, amma waya ba ta san nisa ba. Yau matar aure ko ɗaliba a Wasagu, can cikin ƙaramar hukumar Danko-Wasagu ta masarautar Zuru, tana iya kallon yadda ake murza kwaɓin sukari a TikTok da daddare, gari na wayewa ta gwada a madafinta.

Ra'ayina a kan wannan sana'a shi ne ta gaske ce, ta cancanci a mutunta ta, a kuma tallafa wa masu yin ta. Sai dai akwai wani ciwo da ya shige ta tun tana jaririya: an naɗa hoto alƙali. Mai saye hoto take turowa, mai yi hoto take ƙoƙarin cimmawa, yabo ko zagi kuma a kan hoto ake yi. Alhali kek abinci ne, cikin yara zai shiga, a garinmu za a yi shi, da zafinmu da hanyoyinmu da kuɗin aljihunmu. Muddin ba a dawo da wannan gaskiya gaba ba, sana'ar za ta cuci mai ci, ta kuma karya mai yi.

Baƙon da ya tarar da 'yan uwansa

Kek irin wanda muka sani ba tsohon abu ba ne ko a Turai. Garin da ke sa shi ya kumbura ba tare da yisti ba, wanda matan gida ke kira bekin foda, wani Bature ɗan Ingila mai suna Alfred Bird ne ya haɗa shi a 1843. Farin lulluɓin sukari na kek ɗin aure ya sami ɗaukaka ne bayan auren Sarauniya Victoria a 1840, a zamanin da farin sukari alamar arziki ne. Shirye-shiryen talabijin irin su Cake Boss, wanda aka fara a Amurka a 2009, su suka mai da kek abin kallo. A 2020 bidiyoyin wata mai gashi 'yar Turkiyya, Tuba Geçkil, suka zagaye duniya: ga takalmi ko tukunyar fure, a sa wuƙa, sai a ga ashe kek ne. Daga nan ne wannan yayi ya gangaro mana.

Amma kada a ɗauka cewa ba mu san sarrafa kayan zaƙi su yi kyan gani ba sai da baƙo ya koya mana. Wanda ya taɓa ganin garar amarya ya ga dublan da aka naɗe kamar fure, da alkaki da aka murɗa aka tsoma a zuma ko ruwan sukari, da nakiya, da gireba mai fitowa da zanen abin da aka danna ta a ciki. Ado ake yi da su kafin a ci, kuma da su ake auna hannun matan gidan da suka kawo. A ƙasar Zuru kuwa akwai wata shaida ta daban. Masu nazarin fasahar Afirka sun daɗe da rubutu kan tukwane da siffofin yumɓu na Dakarkari, waɗanda mata ne ke gina su, wasu kuma suna ajiye a gidajen tarihi har a ƙasashen waje. Hannun da ya iya fitar da siffa daga laka ba zai gagari sukari ba. Saboda haka kek mai siffa baƙo ne da ya sauka gidan da ya tarar da danginsa.

Hujjar masu suka

Akwai masu ganin duk wannan almubazzaranci ne, kuma maganarsu tana da nauyi. Danko-Wasagu na cikin yankunan jihar Kebbi da suka fi shan wahalar 'yan bindiga a shekarun nan. Ƙauyuka sun watse, manoma da yawa sun bar gonakinsu, wasu iyalai suna zaman gudun hijira a gidajen 'yan uwa. A irin wannan hali, in ji su, yaya za a zuba kuɗin da zai sayi mudu-mudu na dawa a abin da za a ɗauki hotonsa a cinye cikin minti goma? Suna kuma tsoron gasa: idan gidan wane sun yi mai hawa biyu, gidan wane sai sun ci bashi sun yi mai hawa uku, kamar yadda lefe da kayan ɗaki suka zame wa iyaye ƙaya.

Wannan tsoro na biyu na yarda da shi ɗari bisa ɗari, kuma duk wanda ya ci bashi don kek ya yi wauta. Amma na farkon yana kallon gefe ɗaya ne kawai. Kuɗin kek ba ƙonewa yake yi ba, hannu yake sauyawa. Yana fita daga aljihun ma'aikaci ko ɗan kasuwa ya shiga hannun macen da ta yi aikin, da mai ƙwai, da mai gawayi, da ɗan acaɓan da ya kai. A lokacin da zuwa gona ya zama sayar da rai, sana'ar da ake yi a cikin gida da ƙaramin jari ba abin rainawa ba ce. Ban da haka, mutanen da ke cikin tsanani ba su daina aure da suna da walima ba, kuma ba laifi ba ne su nemi abin da zai sa yaro dariya. Mutanen ƙasar Zuru da ke bikin Uhola bayan girbi sun san cewa murna ma tana cikin abin da ke riƙe al'umma. Tambayar da ta dace ita ce nawa ne daga cikin kuɗin nan yake zama a gari, kuma me ake ba yaran su ci.

Abin da ke cikin launi

A nan ne batun ya fi tsanani. Kek mai siffa ya dogara ne kan abu biyu: lulluɓi da launi. Lulluɓin da ake kira fondan kwaɓi ne na garin sukari da jelatin da gulukos da gilisarin, a murza shi ya yi faɗi a rufe kek da shi. Kusan dukkansa sukari ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin abincin da mutum ke ci a rana, in da hali ma a tsaya a kashi 5, wato kimanin giram 25, ko ƙananan cokula shida ga babban mutum. Yanka ɗaya mai kaurin lulluɓi yana iya zarce wannan. Sau ɗaya a shekara ba zai kashe kowa ba, amma ya kamata a san abin da ake miƙa wa ƙaramin yaro, da kakarsa mai ciwon sukari.

Launi ya fi wannan haɗari, domin shi ba a gane shi da harshe. Ƙungiyar Tarayyar Turai ta hana sa sinadarin titaniyam dayoksaid a abinci tun 2022, shi ne wanda ke sa lulluɓi ya yi fari fat. A watan Janairun 2025 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta janye izinin wani jan launi da ake kira Red 3. Tun 2010 kuma dokar Turai ta wajabta rubuta gargaɗi a kan abincin da ke ɗauke da wasu launuka shida, saboda zargin suna shafar natsuwar yara. Kayan da aka rufe wa ƙofa a wata kasuwa sukan nemi wadda ba a tsaron ƙofarta.

Mafi muni shi ne garin ƙyalƙyali, mai ruwan zinariya ko azurfa, da ake shafawa don kek ya yi sheƙi. Wani ana cinsa, wani kuwa na ado ne kawai, ƙarfe ne aka niƙa. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton yara shida da suka kamu da amai da gudawa a jihar Rhode Island a 2018 bayan cin kek ɗin da aka shafa wa irin wannan gari, aka bincika aka tarar tagulla ce. A 2019 kuma aka sami yaro ɗan shekara ɗaya a jihar Missouri da dalma a jininsa, aka gano garin da aka yi wa kek ɗinsa ado yana cike da ita. Mutanen Wasagu ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani kan dalma. A maƙwabtansu na Zamfara, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, gubarta ta kashe ɗaruruwan yara a 2010. Idan haka ta faru a ƙasar da ake buga sunan kowane sinadari a jikin kwalba, yaya ke nan a kasuwar da ake ƙulla gari a farar leda, ba suna, ba ranar lalacewa, ba lambar NAFDAC?

Ƙa'idar mai sauƙi ce. Abin da ba a rubuta cewa na ci ne ba, kada ya taɓa kek. Abin da ba shi da lambar hukuma, a bar wa mai shi. Ita ma mai saye tana da haƙƙin ta tambaya, kamar yadda take tambayar mahauci naman yau ne ko na jiya.

Akwai kuma amana ta addini. Ƙasar Zuru wuri ne da za ka sami Musulmi da Kirista a gida ɗaya, mai yin kek kuma tana yi wa masu walima da masu Kirsimeti. Jelatin daga fata da ƙashin dabba ake samunsa, na shanu ko na kifi ko na alade, kuma ba kowane ƙunshi ke faɗin asalinsa ba. Wasu masu kek ɗin aure kan jiƙa busassun 'ya'yan itace a barasa don ya daɗe bai lalace ba. Wadda ta faɗa wa abokan cinikinta gaskiyar abin da ta sa, ita ce za ta riƙe gidaje biyun.

Zafi, damina da hanya

Yawancin bidiyoyin da ake koyo da su an ɗauke su ne a ɗaki mai na'urar sanyaya iska, kusa da firijin da ba ya mutuwa. Wasagu ba haka take ba. Bota tana narkewa tun zafi bai wuce digiri 35 ba, alhali a watannin Maris da Afrilu yakan kai 40. Fondan kuwa yana jan danshi: da damina sai ya yi gumi ya yi danƙo, launuka su zubo cikin juna, da hunturu kuma ya bushe ya tsattsage. Wanda aka ciro daga firiji aka fito da shi cikin zafi nan take raɓa ke kwanta masa. Duk abin da aka haɗa da madara ko ɗanyen ƙwai bai kamata ya wuce awa biyu a waje ba, in ana tsananin zafi ma awa ɗaya. Ƙara da doguwar hanya a bayan babur, daga Wasagu zuwa Bena ko Ribah, sai ka ga dalilin da ya sa jirgin saman da aka yi da asuba yake isa wurin biki da karyayyen fiffike.

Masu yin kek na karkara sun riga sun warware rabin matsalar da kansu. Inda babu tanda ta zamani, tukunya ake samu a zuba yashi ko tsakuwa a ƙasa, a ɗora gwangwani, a rufe, a sa gawayi sama da ƙasa har zafi ya daidaita, kuma kek yana nuna sarai. Wannan basira ita ya kamata a kai wajen ado. Gini mai tsawo da ke tsaye kan sanduna da waya bai dace da hanyoyinmu ba. Siffa mai faɗi da aka yanka daga jikin kek ɗin, da siririn lulluɓin farin ƙwai da sukari wanda ke bushewa ya yi ƙarfi, sun fi jure zafi da girgiza, matuƙar an dafa farin ƙwan ko an yi amfani da na gari. Gwanar gaske ita ce wadda za ta kalli hoton da aka turo mata ta ce, wannan ba zai kai Azahar ba a watan Afrilu, ga wanda zai kai.

Siffar wa muke kwaikwaya?

Zanen aro ba ya rufe katara. Abin mamaki ne a ce yaron da ya tashi yana ganin rumbu da shanun huɗa da kasuwar hatsi ta Bena, ranar murnarsa a kawo masa fuskar wani ɗan tsanan fim da aka zana a Amurka, a karkace kuma, domin hannun da ya yi bai saba da ita ba. Ga siffofi birjik a gabanmu: faifai mai launi, ƙwarya da zanenta, tulu, kalangu, hular zanna, dagin Arewa, zanen aska takwas na babbar riga, adon bangon gidajen Zariya, ƙunshin amarya. Yawancinsu zagaye ne ko shimfiɗaɗɗu, wato su ne mafi sauƙin yi da ɗauka. Sun kuma kauce wa saɓanin malamai kan surar abu mai rai, wanda ke sa wasu gidaje ƙin karɓar kek mai fuska.

A kan kek ɗin walimar sauka ina da magana guda. Siffar allo ba laifi, amma rubuta aya ko sunan Allah da sukari, sannan a sa wuƙa a yanka, ragowar ta faɗi ƙasa a taka, kwalin kuma ya tafi juji, abu ne da ladabin da aka koya mana a makarantar allo bai yarda da shi ba. Sunan yaro da fatan alheri sun wadatar.

Launi ma muna da namu. Zoɓo yana ba da ja, ya ƙara haske in an ɗiga lemun tsami, ya dushe in ya haɗu da kanwa ko soda. Kurkum yana ba da rawaya, garin zogale kore, koko ruwan ƙasa, karan dafi kuma ja mai duhu. Ba su kai na kwalba ƙyalli ba, amma an san asalinsu. Haka batun fulawa. Burodi yana buƙatar danƙon alkama sosai, kek kuwa kaɗan yake so, shi ya sa ana iya maye wani kaso na fulawar da lallausan garin shinkafa ko na dawa ba tare da ya lalace ba. Ga gyaɗa da riɗi da dabino da zuma da mazarƙwaila don ɗanɗano. Wannan aiki ne da ya dace Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru ta sa hannu a ciki: a gwada, a auna, a fitar da ma'auni tabbatacce cikin Hausa da C'lela, a koya wa mata.

Lissafin da ba a yi

Dalilin da ya sa batun kayan gida ya wuce kishin al'ada shi ne kuɗi. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na alkamar da Nijeriya ke ci daga waje ake shigo da ita. Mafi yawan sukarinmu ma ɗanye ake kawo shi daga Barazil a tace a Legas. Saboda haka yaƙin Rasha da Yukiren da ya ɓarke a Fabrairun 2022, da cire tallafin man fetur a Mayun 2023, da sakin darajar naira a Yunin wannan shekarar, duk sun shigo har cikin kwanon kwaɓin matar Wasagu. Ita ce kuma a ƙarshen layi: kayan sai sun bi hannu da yawa da mota da yawa kafin su iso gare ta. Abin takaici, jihar da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa da alkama rance a cikinta a Nuwamban 2015, kek ɗinta kusan babu abin gonarta a ciki sai ƙwai.

Duk da wannan tsada, mata da yawa ba sa lissafin aikinsu. Sukan haɗa kuɗin fulawa da sukari da bota su ɗora ɗan abu a kai, su manta da gawayi, da kwali, da kuɗin mota, da datar da aka yi ciniki da ita, da wanda ya ƙone aka sake, uwa uba da awannin da aka kwana ana gina fure ɗaya-ɗaya. Sannan ga 'yar uwa da ƙawa da matar wan miji, kowa na neman ragi, wasu kuma sai bayan biki. Haka jari ke narkewa kamar botar Afrilu. Sikeli da littafin lissafi da karɓar rabin kuɗi kafin a fasa ƙwai sun fi kowane sabon abin ado muhimmanci ga mai wannan sana'a. Idan kuma mata biyar ko goma suka haɗa kuɗi suka sayi buhu maimakon mudu, suka yi odar launi mai rajista daga hannu ɗaya amintacce, sun rage tsada, sun kuma rage haɗari.

Mu masu saye, musamman ma'aikata da 'yan boko da ke tura hotuna daga birni muna cewa a yi mana irin wannan, mu ne muke da babban kaso na gyaran. Abin da muka yaba shi za a yi ta yi. Idan muka ci gaba da biyan ƙyalli muna ƙyashin biyan aiki, za a ci gaba da ba mu ƙyalli daga farar leda. Idan kuwa muka fara tambayar da me aka yi, muka karɓi ƙarami mai daɗi a kan babba mai ɗaukar ido, muka biya kuɗin gumi ba tare da jan rai ba, to 'yan shekaru kaɗan za a ga kek mai kamar faifai ko rumbu, mai ƙamshin gyaɗa da zuma, wanda ko a Kano aka ajiye shi za a ce wannan hannun ƙasar Zuru ne. Kafin a kai can, duk wanda aka miƙo masa yanka a wurin biki, ya ɗanɗana tukuna kafin ya ciro waya.